Filin Uwargida: Kaza Guda, Baki Goma Sha Biyu

Ga shi hunturu ya sake kewayowa, hazo ya rufe gari, leɓe yana tsagewa, yara suna tari, in magariba ta yi kuwa babu abin da ran mutum ke so sai abu mai zafi mai romo. Saboda haka a wannan mako zan kawo muku wata dahuwar kaza da kayan lambu, wadda ake yi a tukunya guda, a rufe, bisa wuta kaɗan. A Yerwa na koyo ta, a unguwar Galtimari, a hannun wata ƙanwar mahaifina, kuma tun da dalilin da ya sa ta yi wannan dahuwa shi ne ya koya mini amfaninta, to, da shi zan fara.

Duk mai bin labarai zai tuna abin da ya sami Maiduguri a daren 9 ga watan Satumba na 2024, wayewar garin 10 ga wata, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ita wannan madatsa an kammala ta ne a 1986 a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga birni, domin samar da ruwan sha da kuma noman rani. Rabon garin da ganin irin wannan ambaliya tun ta 1994, watau shekara 30 ke nan cif. Ruwa ya biyo kwarin kogi ya shiga Fori da Galtimari da Gwange da sauran unguwanni, ya ci gidaje da kasuwanni, mutane dubu ɗaruruwa suka bar muhallinsu. Gidan Goggo ruwa ya shige shi, amma Allah ya sa bango bai faɗi ba. Da ruwa ya janye suka koma, sai dangin da ɗakunansu suka rushe suka biyo su. Gidan da a da mutum biyar ke ci daga tukunyarsa, sai ya wayi gari da baki goma sha biyu.

Ni ban sami zuwa jaje ba sai a watan Janairu na 2025, ana tsakiyar sanyi. Mutanen Barno kuwa kowa ya san su da karrama baƙo. Ina sauka, ana ta wushe-wushe, ban ma gama shan ruwa ba sai na ji kukan kaza a bayan ɗaki. Ashe tsohuwar kaza ce guda ɗaya tak da ta rage wa Goggo, sauran duk ruwa ya tafi da su. Na yi wuf na fita, na ce, "Goggo, don Allah ki bar kazar nan. Ni ba baƙuwa ba ce, kuma ko an yanka ta, wa za ta isa a gidan nan?"

Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Ke 'yar nan, kin girma a birni kin lalace. Ku soyawa kuka iya, shi ya sa kaza ba ta isar ku. Ɗauki wuƙa ki fere mini dankali, ki zuba ido."

Na zuba ido kuwa, kuma abin da na gani shi ne zan bayyana muku. Maganar Goggo gaskiya ce. Idan aka tafasa kaza aka tsame aka soya, daɗinta rabi yana cikin ruwan da aka tafasa ta, rabi ya tafi cikin mai, abin da ya rage kuwa mutum huɗu sun cinye shi suna neman ƙari. Amma idan aka bar ta ta nuna cikin ruwan jikinta tare da dankali da karas da kabewa, tukunya a rufe, to, babu abin da zai fita. Kowane yankan dankali sai ya sha romon nan ya koma kamar nama, wanda bai sami tsoka babba ba ma ya ci kaza.

Abin da ya sa wannan dahuwa ta zama ta hunturu

Wata za ta ce, me ya hana a yi ta da bazara ko da damina? Babu abin da ya hana, sai dai aljihu. Karas da kabeji da tumatir da albasa duk kayan sanyi ne. Kabeji ba ya dunƙulewa da kyau cikin zafi, karas ya fi zaƙi idan ya sami dare mai sanyi, tumatir kuwa furensa zubewa yake yi idan dare ya yi zafi. A Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, da asubar Disamba da Janairu yakan sauka har wajen digiri 12 ko 13. A wannan ɗan tsakani ne manoman rani na Alau da na gefen kogin Ngadda suka saba cika kasuwar Gamboru da kayan lambu, har mai ƙaramin ƙarfi ya saya. Dankalin Turawa shi daga tsaunukan Filato ake kawo shi, daga wajen Bokkos da Mangu, inda tudu ya sa ƙasar ke da sanyi. Kabewa kuwa tun kaka aka girbe ta, kuma takan yi watanni a ɗaki ba ta lalace ba. Ashe lokacin da jiki ya fi bukatar romo, shi ne lokacin da kayan romon suka fi araha, wannan kuwa rahama ce daga Ubangiji.

Sai maganar kaza. Uwargida, idan kin je saye ki nemi kazar gida, tsohuwa wadda ta daina ƙwai, ko zakara wanda ya ƙosa. Kajin gidan gona da ake kira burola ana yanka su ne suna da mako 6 zuwa 8, namansu bai yi ƙwari ba, minti 30 ko 40 ya ishe su, idan suka daɗe a wuta sai su dagargaje, romonsu kuma salam. Ita kuwa tsohuwar kaza ta yi yawo ta yi tono, jikinta duk jijiya ne da guringuntsi. Waɗannan su ne ke sa ta tauri idan aka yi mata gaggawa, kuma su ne dai, idan suka daɗe a kan wuta kaɗan, ke narkewa su zama wannan danƙo da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana. Taurin da ake gudu, shi ne daɗin romon. Da ma Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Kayan haɗi

Ga abin da za ki tanada domin mutum 10 zuwa 12: kazar gida 1, albasa manya 4, dankalin Turawa matsakaita 10, karas 6, kabewa kashi ɗaya cikin huɗu na matsakaiciya, kabeji rabi, tumatir 4, tattasai 2, attaruhu 2 ko 3, gwargwadon yadda gidanki ke cin yaji, tafarnuwa sala 5, ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa, masoro da kanumfari da kimba kaɗan-kaɗan, daddawa 1, man gyaɗa cokalin cin abinci 4, lemun tsami 2, lawashi, gishiri, da ruwa kamar lita 1. Idan kina da man shanu, cokali guda a ƙarshe zai ƙara ƙamshi. Tukunya kuwa ki nemi mai kauri mai murfi da ke zama daram, ta ƙasa ko ta dalma. Tukunya marar kauri ƙona miki za ta yi kafin nama ya nuna.

Yadda ake yi

Da farko bayan an yanka an fige an babbake, ki wanke kazarki da lemun tsami, ki yanka ta gunduwa 16. Ƙirji ki raba shi huɗu, kowace cinya biyu, baya uku, sa'an nan fukafukai da wuya da ƙundu da hanta su cika lissafi. Kada ki zubar da kai da ƙafafu, ki gyara su ki sa, domin su ne masu danƙon nan da muka ambata. Ki daka tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da kimba da gishiri, ki cuɗe naman da su, ki rufe ki ajiye a inuwa kamar awa guda. Kafin ki taɓa kayan lambu, lalle ne ki wanke hannunki da wuƙa da faranti da sabulu, gama ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa ciwon ciki.

Sa'an nan ki ɗora tukunya, ki zuba mai, idan ya yi zafi ki jera naman kaɗan-kaɗan ya yi ja ta kowane gefe, ki kwashe. Ba soyuwa ake nema ba, launi kawai. Cikin wannan mai ki zuba albasa uku da kika yanka, ki rage wuta, ki yi ta juyawa har ta yi laushi ta koma ruwan zuma. Nan ne mata da yawa ke kasawa, alhali kuwa albasar nan ita ce gindin miyar. Sai ki zuba jajjagen tumatir da attaruhu da dakakkiyar daddawa, su soyu har tsamin ya fita. Ki mai da naman, ki zuba ruwa ya tsaya daidai kan nama, kada ya shanye shi. Ki ɗauki rabin kabewar da kika fere ki yanka ƙanana ki jefa tun yanzu. Wannan dabara ce ta Goggo: kabewar za ta narke ta ɓace, ta ba romon kauri kamar yadda take yi a miyar taushe, ba sai an sa gari ba.

Idan ta tafasa, sai ki rufe, ki janye itace ko ki rage gawayi, ya zamana tukunya tana tafasa a hankali, kumfa ɗaya-ɗaya. Goggo tsumma mai tsabta ta jiƙa ta naɗe bakin murfin, ta ɗora dutse a kai, ta ce duk wanda ya buɗe mata tukunya ba zai ci ba. Idan kina tsoron kamu, ki kama tukunyar da tsumma ki ɗan girgiza ta, ba sai kin sa ludayi ba. Ki bar ta haka awa ɗaya da rabi. Wata kazar takan kai awa biyu, gwargwadon tsufanta.

Daga nan sai jerin kayan lambu, kuma jerin nan shi ne rabin aikin, domin kowanne da lokacinsa. Idan nama ya fara sakin ƙashi, ki zuba dankali da karas da sauran kabewa, dukkansu yankan manya, ki ɗanɗana gishiri, ki rufe minti 25 zuwa 30. Idan ruwa ya yi ƙasa ki ƙara tafasasshe, kada ki zuba na sanyi. Bayan haka ki zuba kabeji da tattasai da albasar da ta rage, ki rufe minti 8 zuwa 10 kawai. Kabeji idan ya daɗe a wuta yakan yi wari, kuma sinadarin bitamin C da ke cikinsa zafi yana lalata shi. Karas kuwa ba ya gudun wuta, har ma abin da jiki ke mayarwa bitamin A a cikinsa, mai amfani ga ido da lafiyar yara, ya fi shiga jiki idan an dafa shi da ɗan mai. Ki sauke, ki watsa lawashi da man shanu, ki rufe ta huta minti 10 kafin ki raba. Kafin nan ki tsaga cinya guda ki duba, kada a ga ja ko jini a jikin ƙashi.

Game da gishiri da dunƙule, ki yi hattara, domin romon da ya daɗe a wuta ƙafewa yake yi, gishirinsa ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda. Daddawa da albasa da ƙashin kaza sun isa su ba da ɗanɗano, dunƙule guda ma ya wadatar.

A Galtimari da burabusko muka ci, wanda aka turara da gero. Ana ci da shinkafa, ko sinasir, ko gurasa, ko burodi, ko ma a sha haka nan a kwano, tun da akwai dankali a ciki.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na iya. Da na koma gida na ce bari in burge maigida, sai na sayi burola domin ta fi tsoka, na zuba kome da kome lokaci guda, na buɗe wuta na tafi wanki. Da na dawo, kabeji ya zama ruwa, dankali ya fashe, nama ya rabu da ƙashi ya bi romo. Maigida ya ɗaga murfi ya duba, ya ce, "Sannu da aiki, yau fate muka samu ke nan?" Tun daga ranar na san ba kayan haɗi ne dahuwar ba, jeri ne da haƙuri.

Kada wata ta ɗauka wannan baƙon abu ne. Mutanen Barno da ma suna da danderu, inda ake cuɗe nama da kayan ƙamshi a rufe shi ya nuna a hankali cikin ruwan jikinsa. A ƙasar Kodebuwa, ƙabilar Baule suna da wata dahuwar kaza da suke kira kejenu, a tukunyar ƙasa da aka toshe bakinta, ba a buɗewa, sai dai a girgiza. Turawan Faransa da Ingila kuwa a cikin tanda suke sa tasu tukunyar idan sanyinsu ya zo, da karas da albasa da saiwoyi irin na ƙasarsu. Wadda ke son ta kwaikwayi tanda, sai ta ɗora ɗan garwashi a kan murfi, wuta sama wuta ƙasa, kamar yadda ake gasa kek a tukunya. Duk inda talaka ya sami nama kaɗan da baki da yawa, wannan dabara yake komawa gare ta.

Jan kunne guda biyu

Na farko, wuta. Saboda sanyi wasu mata sukan shigar da murhun gawayi cikin ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su ce ga girki ga jin ɗumi. Wannan ganganci ne. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya wuce ba a sani ba. A yi girki a tsakar gida ko a madafa mai iska, kuma a kashe garwashi kafin a kwanta. Lokacin iska ne, kome ya bushe, wuta ba ta da wuyar yaɗuwa. Mutanen Yerwa ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwarsu ta Monday Market a watan Fabrairu na 2023 ba.

Na biyu, tsabta. Kayan lambu da yawa da ruwan kogi ake ba su, saboda haka a wanke su sarai da ruwa mai kyau kafin a yanka. Bayan ambaliyar nan, a watan Oktoba na 2024, gwamnatin Jihar Barno ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara. A irin wannan hali, kabeji da karas dafaffu sun fi ɗanyen haɗin salak aminci ga yara. Abin da ya rage kuma kada a bar shi ya kwana a buɗe, da safe a tafasa shi sosai kafin a ci.

Rabo

Saura magana guda, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mun saba a gidajenmu, idan an yanka kaza, ƙirji da cinya na maigida ne da baƙi, yara kuwa kai da ƙafa da tsotsar ƙashi. Da Goggo ta zo rabo, sai na ga ta jera kwanonin yara a gaba, ta fara da su, kowanne tsoka guda da dankali da romo ludayi biyu. Akwai mai jego a gidan, matar ɗan wanta, ita aka ba hanta da wuya da romo mai yawa. Ƙundu da cinya guda ta ajiye wa maigida, ba ta karya al'ada ba. Ni baƙuwa na sami yankan ƙirji. Ita kanta kuwa fiffike ta ɗauka.

Na ce, "Goggo, ai ke ya kamata ki ci ƙirjin nan."

Ta ce, "Ni da Malam mun yi shekara sittin muna cin kaza, me za ta ƙara mana? Waɗannan su ne ƙashinsu ke girma. Ci abinki, 'yar nan, kada ya huce."

Likitoci ma abin da suke faɗa ke nan, cewa yaro mai tasowa da mace mai ciki da mai shayarwa su ne suka fi bukatar abinci mai gina jiki. To, iyayengiji, ludayi a hannunmu yake. Babu wanda zai shigo madafa ya raba mana, kuma ban taɓa jin magidancin kirki ya yi fushi don an ba ɗansa tsoka ba.

A daren nan mutum goma sha uku muka ci kazar nan, har da ni, muna zaune a tabarma kowa ya lulluɓa, babu wanda ya tashi da yunwa. Goggo ta ce kayan lambu sun yi tsada a wannan shekara, domin madatsar da ta fashe ba ta riƙe wa manoma ruwa kamar da ba. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira miliyan dubu 80 domin sake gina ta. Fatanmu shi ne aikin ya zama mai ƙarko, gama karas da kabejin da ke cikin tukunyar matan Galtimari daga wannan ruwa suke fitowa, kuma shi ne dai ruwan da ya taɓa raba su da gidajensu.

Uwargida, ki gwada wannan dahuwa tun sanyi bai wuce ba, kaya kuma suna araha. Wadda ta gwada, ko take da wata dabara ta garinsu da ta fi wannan, sai ta rubuto mana mu ƙaru da juna. Allah ya kiyaye mu daga ruwa da wuta, ya mayar wa mutanen Barno da alheri, ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.